Kada ki saki gurbin DO don kawu ya ce aikin masu ɗori ne

Wata ɗaliba daga jihar Ohio ta rubuto: "Shekarata uku da samun girin kad, katin zaman dindindin a Amurka. Wata makarantar likitanci mai ba da digirin DO ta ɗauke ni, masu ba da MD kuwa babu wadda ta kira ni. Kawuna a Kano ya gaya wa Baba cewa DO tausa ce da ɗori, ya kuma haɗa mu da wani ejan da zai samo mini MD a tsibiran Karibiyan. Baba ya ce in ba MD ba, kada in kira kaina likita. Saura mako biyu wa'adin biyan kuɗin kama gurbi ya cika."

'Yata, ki biya kuɗin nan kafin wa'adin ya wuce. Lallashin Baba zai iya jira, gurbin ba zai jira ki ba.

Ba daga sama kawunki ya tsinci maganarsa ba. A Ingila masu laƙabin DO ba likitoci ba ne, aikinsu gyaran jiki da hannu. A Amurka abin daban yake. Mai DO shekara 4 yake yi bayan digirin farko, kamar mai MD, yana rubuta magani, yana tiyata, kuma duk jihohi 50 suna ba shi cikakken lasisi. Abin da aka ƙara masa shi ne kimanin awa 200 na koyon duba ƙashi da tsoka da hannu. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaliban likitanci a Amurka yanzu a makarantun DO suke. Tun 2020 hukuma ɗaya, ACGME, ke tantance horon ƙwarewa na ɓangarorin biyu, asibiti ɗaya, albashi ɗaya. Likitan tsohon Shugaba Biden lokacin da yake Fadar White House, Kevin O'Connor, DO ne. Sean Conley da ya duba Trump lokacin korona shi ma DO ne.

Sai ejan. Makarantar Karibiyan, ko da MD aka rubuta a takardarta, makarantar ƙasar waje ce a idon Amurka. Sai kin sami shaidar ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka, sannan ki shiga layin waɗanda suka yi karatu a waje wajen neman gurbin horo. A rabon gurbi na 2024, 'yan ajin ƙarshe na DO sama da 92 cikin 100 sun samu, na MD na cikin Amurka sama da 93. 'Yan Amurka da suka yi karatu a waje kuwa kusan 67. Kuma wannan lissafin waɗanda suka kai ƙarshe ne kawai, bai ƙirga waɗanda aka sallama a shekarar farko ko ta biyu ba. Mun ga yaranmu sun dawo da bashin dala dubu ɗaruruwa da takardar da ba za su iya duba ko mara lafiya ɗaya da ita ba, domin ba a ba da cikakken lasisi sai da horo. Shi ejan ya riga ya karɓi la'adarsa tun ranar rajista. Ki tambaye shi a rubuce: cikin waɗanda suka fara aji ɗaya, nawa suka gama, nawa suka sami horo? Za ki ga ya koma zancen sauƙin shiga.

Akwai kuma abin da na tabbata bai faɗa wa kawu ba: girin kad ɗinki. Kusan shekara biyun farko a tsibirin ake yin su. Tafiya ɗaya da ta wuce wata 6 tana iya katse lissafin shekara 5 na neman zama 'yar ƙasa, ke da saura miki biyu. In ta kai shekara, katin kaɗai ba zai shigo da ke ba, sai da takardar izinin dawowa ta fom I-131, wadda ake nema tun mutum yana cikin Amurka. Ita ma shigowa take karewa, ba ta kare lissafin shekarun.

Ba zan ɓoye miki inda ƙyamar DO take da gaske ba. A tiyatar ƙwaƙwalwa, cututtukan fata da tiyatar gyaran jiki, ƙofar ta fi tsauri ga DO, kuma wasu manyan asibitocin jami'a har yau sun fi son MD. A likitancin iyali, na yara, na cikin jiki da na gaggawa, hanya a buɗe take. Jarrabawar lasisi da ta zama dole ga masu DO ita ce COMLEX, amma ki shirya zana USMLE, wadda masu MD ke zanawa, musamman mataki na biyu, domin tun 2022 mataki na farko ci ko faɗuwa kawai yake nunawa, makin na biyu ake dubawa. Kafin ki biya, ki kira makarantar ki ji: tana da cikakkiyar amincewar COCA, hukumar da ke tantance makarantun DO? A waɗanne asibitoci ake aikin shekara ta uku, su ke nema wa ɗalibi ko shi ke nema wa kansa? Ina 'yan ajin bara suka sami horo?

In kina da niyyar aiki a gida wata rana, ki rubuta wa MDCN, hukumar rajistar likitoci ta Najeriya, ki ambaci sunan makarantar, ki ajiye amsarsu a rubuce. Masu karatun waje suna zana jarrabawarta, har da mai MD na Karibiyan.

Baba kuwa, hakkinsa ne ki yi masa bayani cikin ladabi, amma a wannan magana ke ce kan gaskiya. Shi kansa likitan da ke duba shi a asibitin Malam Aminu Kano, MBBS ke bayan sunansa, ba MD ba, bai taɓa tambayar dalili ba. Abin da ke damunsa shi ne abin da zai faɗa wa mutane, kuma bai halatta a ɗora wa yarinya bashin da za ta shekara ashirin tana biya don a ji daɗin faɗin haruffa biyu a wajen ɗaurin aure ba. Kada ki yi jayayya da kawu a zauren WhatsApp na dangi, zai ga kin kunyata shi, ya ƙara kafewa. Ki nemi wani likita Bahaushe da ke aiki a asibitin Amurka, wanda ya girme ki, ya kira Baba da kansa. Ki tura masa takardar ɗaukar da rasit ɗin biya kafin kiran, don ya san a kan me zai yi magana.