Ga 'yar uwar da ta yi tambaya kan ritena bayan gyaran haƙori

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Na ga tambayarki: kin yi wata 14 kina sa robar gyaran haƙori ta Invisalign, haƙora sun jeru, sai likita ya miƙo miki wata robar ya ce ritena ce, wato abin da ke riƙe haƙora kada su koma yadda suke, ki ci gaba da sawa. Kin gaji, kina so ki san ko dole ne.

Dole ne, wallahi. Ni ma a nan Gombe nake, na bi wannan hanya, kuma na yi sakacin da ba na so ki yi.

Haƙori ba kafe yake a ƙashi kamar turke a siminti ba. Akwai wasu siraran zaruruwa da ke riƙe saiwarsa da ƙashin muƙamuƙi. Robar da kika riƙa sawa awa 20 zuwa 22 a rana tura shi take yi a hankali, ƙashi na zaizayewa ta inda ya nufa, yana ginuwa ta inda ya baro. Ranar da aka ce kin gama, sabon ƙashin bai yi ƙwari ba tukuna. Zaruruwan saiwa kan ɗauki wata 3 zuwa 4 kafin su saba da sabon wuri, na dasashi kuwa har kusan shekara suna ja. Haƙorin da ya murɗe aka juyo da shi, da wushiryar da aka rufe, su suka fi saurin komawa gidan jiya.

Ni wata 6 na yi ina sa tawa dare da rana, sannan likita ya ce da dare kawai. Ana nan muka je biki Bauchi. Da aka kawo abinci na cire ta na naɗe a tishu na ajiye gefen faranti, aka kwashe da kwanuka. Na ce sai na samu sarari zan koma wurin likita, ga nisa, ga kuɗin mota. Sati 7 na yi babu ita. Da na je, haƙori ɗaya na ƙasa ya riga ya fara hawa kan ɗan uwansa, sai da aka sake gwada bakina aka yi mini ƙarin robobin gyara. Kuɗin ya ninka na sabuwar ritena nesa ba kusa ba. Na yi kuka ranar, don laifin ba na kowa ba ne sai nawa.

Yanzu iri biyu nake da su. A ƙasa akwai siririyar waya da aka manna a bayan haƙoran gaba 6, ba a ganinta, ba a cirewa. Wahalarta tsafta ce: dole ki riƙa zura zaren sakace ta ƙarƙashinta, in ba haka ba datti ya daskare. A sama kuma roba ce da nake kwana da ita. Akwai na uku mai waya ta gaba da faranti a ganɗa, ana ce masa Hawley, ya fi roba daɗewa amma ana ganinsa. Likitanki ne zai zaɓa bisa yadda haƙoranki suke a da.

Ki kiyaye robar daga zafi. Kada ki wanke da ruwan zafi, kada ki bar ta a mota, kin dai san ranar Gombe a watan Afrilu, lanƙwashewa za ta yi. Ruwan sanyi da buroshi mai laushi da ɗan sabulun ruwa sun wadatar. Man goge baki karce ta yake yi har ta dusashe. Kada ki sha shayi ko zoɓo tana baki. In kin cire, cikin akwatinta kawai.

Kin kuma tambayi zuwa yaushe. Sawa da dare ba ta da ranar dainawa muddin kina son su zauna a jere, domin ko wanda bai taɓa gyara ba haƙoransa na ƙasa kan cunkushe da girma. Bayan 'yan watanni za ta zame miki kamar ɗaura ɗankwalin barci.

In kin tsallake kwana biyu kika ji ta matse, haƙoran ne suka fara motsi, ki ƙara awannin sawa. In ta ƙi shiga, kada ki cije ta da ƙarfi, ki kira likitanki a satin nan. Kuma tun yanzu ki tambaye shi ko ya ajiye awon bakinki a kwamfuta, don in ta ɓace a yi miki wata ba ɓata lokaci. Allah ya ba ki juriya.