Na ƙara ram amma kwamfutar ta ƙi gani

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Laftof ɗina ta zo da ram 8GB, sai na sayo wani 8GB na ƙara mata da kaina, amma har yanzu 8 take nuna min. Wani abokina ya ce Windows ɗin ce ta lalace, na yi fomatin har sau biyu, takarduna na makaranta ma duk sun tafi, kuma ba abin da ya canza. Ko dai ram ɗin bogi aka sayar min?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa wallahi wannan fomatin ɗin naku yana ci min rai. Kwamfuta ta yi nauyi fomatin, sauti ya ɗauke fomatin, yanzu kuma har ram bai zauna ba ma fomatin, ga shi ka yi asarar takardunka a banza a wofi kan abin da minti biyar ya isa a gano shi. Ka gaida min abokin nan naka, amma kar ka sake ba shi kwamfutarka.

Ba Windows ce ke ƙirga ram ba. Da ka danna makunni, kafin Windows ta farka ma, BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke fara tashi in an kunna kwamfuta, shi ne ke bin ramukan ram ɗaya bayan ɗaya yana duba abin da ke ciki, in ya gama sai ya miƙa wa Windows lissafi. Abin da BIOS bai gani ba ko sau ɗari ka sake Windows ba za ta gan shi ba. Saboda haka wurin farko da za ka leƙa shi ne can, ka kunna ka yi ta danna F2 ko Del, wasu na'urorin F10 ne ko Esc. In ka ga 16384MB, wato 16GB, to an ga ram ɗinka, matsalar tana cikin Windows. In ka ga 8192MB, wato 8GB, to Windows ba ta da laifi ko kaɗan, sai ka ɗauko sukudireba.

Kuma ina kyautata zaton abin da za ka gani kenan, don yawanci bai zauna ba ne kawai. Mutane tsoron dannawa suke kamar ƙwai suka riƙe. Kashe ta gaba ɗaya, zare caja, cire batir in mai ciruwa ne, in na ciki ne zare ɗan filoginsa, sannan ka riƙe makunnin na wasu daƙiƙu. Taɓa wani ƙarfe kafin ka taɓa ram ɗin, kuma ka riƙe shi ta gefe, kar yatsanka ya hau haƙoran nan masu ruwan zinare. Ram ɗin laftof a karkace yake shiga, ka saita tsagar da ke jikinsa da ɗan tudun da ke cikin ramin, ka tura har sai haƙoran sun kusa ɓacewa duka, sannan ka kwantar da shi ƙasa ka ji ƙarafunan gefe biyu sun yi ƙas. Abin da ke yaudarar mutane shi ne ƙarafunan suna iya kamawa alhali ram ɗin bai nutse ba, in ka duba da kyau za ka ga zinaren yana leƙowa ta gefe ɗaya, wannan ɗan leƙowar ita ce 8GB ɗinka da ta ɓata.

In ka sake zaunar da shi bai yi ba, sai gwaji ɗaya-ɗaya. Cire tsohon ka sa sabon shi kaɗai a ramin tsohon. Ta tashi? To sabon lafiyarsa ƙalau, ba a cuce ka ba. Yanzu sa tsohon shi kaɗai a rami na biyu. In ta ƙi tashi a nan, ramin ne ke da matsala, ko ƙura ko wani haƙori ya lanƙwashe a ciki. In kuwa kowanne yana aiki shi kaɗai amma tare ba sa jituwa, ka karanta takardar da ke manne a jikinsu. A tsofaffin laftof akwai DDR3 mai cin 1.5V da DDR3L mai cin 1.35V, rami ɗaya suke shiga, kama ɗaya, amma na'urar da aka yi don DDR3L takan ƙi na farkon. Sannan kowace na'ura tana da iyakar da za ta ɗauka, ka nemi lambar samfurinta a shafin kamfanin ka tabbatar, wani lokacin ma sabunta BIOS kan warware.

Ni dai ɗabi'ata, kuma ina so ta zama taku, ba na sayen ram sai na buɗe CPU-Z, manhajar da ke nuna kayan cikin kwamfuta, na shiga wurin SPD inda bayanan ram suke na ɗauki hoton abin da ke ciki, kuma duk ram ɗin da na sa sai na bar manhajar gwajin ram MemTest86 ta kwana tana gwada shi kafin in yarda da shi. Kai kuma ka samu wurin ajiyar takardunka na biyu tun yau, don Allah.

Tambaya: Malam na sa 8GB, kwamfutar ta nuna 8GB ɗin amma ta ce 3.4 kawai za a iya amfani da shi.

Amsa: Windows 32-bit gare ka, ba ta wuce 4GB, kuma a cikin huɗun ma na'urori suna yankar nasu. Kai ne kaɗai yau na yarda ka sake Windows, ka sa 64-bit, bayan ka kwashe kayanka. In furosesanka ya cancanci Windows 11 ka wuce can, ita dama ba ta da 32-bit.

Tambaya: Ina wuni malam. Tawa 16GB ce amma kullum kusan 14 nake gani. Na ga wani bidiyo an ce in shiga msconfig in sa alama a Maximum memory zai dawo da sauran, in yi?

Amsa: Kar ki taɓa 'yar'uwa. Wannan akwatin rage ram yake yi, an yi shi ne don masu gwaji su taƙaita wa Windows abin da za ta gani, masu bidiyon sun juya maganar ne kawai. In ma kin riga kin sa alamar ki koma ki cire ta ki sake kunnawa. Shi kuma biyun da kike nema ba ɓata ya yi ba, buɗe Task Manager ki shiga Performance sannan Memory, za ki gan shi a ƙasa gaban Hardware reserved. In kwamfuta ba ta da katin hoto mai ram ɗin kansa, sashen hoton da ke cikin furosesa daga naki yake ɗiba. Wasu BIOS suna bari a rage masa, amma ki bar shi haka. Da rabi cif ne ya tafi can, wato 8 cikin 16, da sai in ce ki karanta amsar farko.

Tambaya: Na haɗa kwamfutar tebur, ramuka huɗu ne ram biyu gare ni, ina zan sa?

Amsa: A yawancin madabod, wato babban allon da ake jona komai a jikinsa, rami na biyu da na huɗu in ka ƙirgo daga wajen furosesa, wato A2 da B2. Littafin da ya zo a kwalin ya faɗa, na san ba ka buɗe shi ba. In ka sa daidai kuma ɗaya ya ƙi fitowa, ɗan sassauta sukurorin fankar furosesa, in an ɗaure su da yawa suna iya sa layin ram ɗaya ya ɗauke.

Tambaya: Wayata an rubuta 8+8 a kwali amma 8 nake gani.

Amsa: Takwas ɗin gare ka. Ɗaya takwas ɗin aro ne daga ma'ajiyar wayar, kuma ko kusa bai kai ram na gaske sauri ba.