Jitar hannu: lambar da ke kanta ba ta isa a yanka farashi da ita ba

Tambaya: Malam, barka da aiki. Sana'ata sayar da kayan lantarki na hannu, irin su rediyo da sifika da amfilifaya. A cikin wasu kaya da na saya a dunƙule na tsinci jita mai aiki da lantarki, an rubuta Fender Stratocaster a kanta. Lambarta ta fara da E4, sai alƙaluma biyar. Ɗan yayana ya duba a intanet ya ce ƙirar Amurka ce ta 1984, kuma irin waɗannan tsofaffi kuɗin mota ake sayar da su. Mutum biyu sun taya, na ce albarka. Wata huɗu ke nan tana rataye, ba wanda ya sake leƙowa. In ƙara haƙuri ne, ko in kai a yi mata sabon fenti don ta ja ido?

Amsa: Malam, fenti dai kada ka kuskura, za mu zo kansa. Amma ba nan matsalarka take ba. Matsalarka ita ce ka yanka wa kaya farashi alhali ba ka san abin da ke hannunka ba. Yaro ya karanta harafi ɗaya da alƙalami ɗaya a waya, kai kuma ka ɗora jarinka a kai, har ka kori masu saye biyu. Da amfilifaya aka kawo maka, da ka kwance bayanta ka leƙa ciki kafin ka buɗe baki. Me ya sa jita ta fita daban?

Ɗan yayanka bai yi ƙarya ba, rabin karatu ya yi. Tun 1976 Fender ta koma buga lamba a kan sitikar da ke kan jita: S na shekarun 1970, E na 1980, N na 1990, Z na 2000, alƙalamin da ke biye kuma shi ne shekarar. A takarda E4 na nufin 1984. Amma sitikun nan da yawa ake buga su, kuma ba a zubar da ragowa don shekara ta juya. An ci gaba da manna E4 har wajen 1987 da 1988, kamar yadda S9 ta tsallaka zuwa 1980 da 1981. Sannan ga abin da yaron bai gani ba: jitocin Fender da aka ƙera a Japan tsakanin 1984 da 1987 su ma da E suke farawa, da alƙaluma shida a baya, daidai da taka. A 1985 kamfanin CBS ya sayar da Fender ba tare da masana'antarsa ta garin Fullerton a Amurka ba, don haka yawancin jitocin da suka fito kasuwa a wannan tsakanin daga Japan suka zo. Ke nan lambar taka tana iya zama jita iri uku, kowace da kasuwarta.

Rarrabe su ba ya buƙatar kwance komai. Ka sauko da ita ka duba. Idan maɓallan murɗawa biyu ne kawai, ramin soka waya kuma yana kan farantin roba na gaba, bayan jitar kuma a shafe yake ba murfi, to ƙirar Amurka ce ta 1983 zuwa 1984. Kada ka yi murna da yawa: wannan ita ce wadda kamfanin ya rage wa kaya don tsimin kuɗi, kuma ba ita masu tara tsofaffin jita ke rububi ba. Idan maɓallan uku ne, ƙarfen da ke riƙe da tsirkiyoyi a gangar jiki yana zaune a kan ƙusoshi biyu, sandunan ƙarfen da ke jere a wuya kuma 22 ne, to American Standard ce, wadda ta shiga kasuwa a 1987. Idan ka ga ƙaramin rubutu na “Made in Japan” a kai ko a gindin wuya, magana ta ƙare. In kuwa wurin da rubutun ƙasar ya kamata ya kasance an kankare shi, ko fentin wurin ya fi na kewaye sheƙi, wani ya riga ka wayo.

Yanzu babbar maganar, wadda nake so ta zauna maka. Lambar nan a kai take, kan kuma haɗe yake da wuya, wuyan Fender irin taka kuma da sukuru huɗu aka ɗaure shi a gangar jiki. Duk mai sukurudireba zai iya cire shi cikin minti biyar ya ɗaura a wata gangar. Saboda haka ko da lambar ta gaskiya ce, shaidar wuya kaɗai ta bayar. Ba ta ce komai ba game da gangar jiki, ko maɗaukan sauti (na'urorin da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi masu ɗaukar kiɗan zuwa amfilifaya), ko wayoyin ciki, kuma a nan rabin kuɗin yake. Kasuwar hannu cike take da jitocin haɗe-haɗe: wuya na Amurka, ganga ta wata araha, kayan ciki na wata dabam. Yadda abin ke ƙarewa kusan iri ɗaya ne kullum. Ɗan kasuwa ya sayar da sunan “asali”, mai saye ya kai wa mai gyara, a buɗe, a dawo da kaya da faɗa, a mayar da kuɗi, sunan shago kuma ya ɓaci a wurin makaɗa, waɗanda duk sun san juna.

Don haka a buɗe ta. In hannunka bai saba ba, ka biya mai gyaran jita ya yi a gabanka. Kuɗin aikinsa bai kai abin da kuskure ɗaya zai ci maka ba. A sassauta tsirkiyoyi tukuna, a kwantar da ita a kan tawul, a kwance sukurori huɗun nan na baya. A ɗago wuyan tsaye, kada a riƙa girgiza shi hagu da dama, domin fentin bakin ramin yana saurin tsagewa, kuma tsagar ba ta ɓoyuwa. Idan akwai wata 'yar siririyar takarda ko roba a cikin ramin, a mayar da ita inda take, ita ke daidaita kwanciyar wuyan. A gindin wuya sau da yawa akwai kwanan wata da fensir ko hatimi, wani lokaci har a cikin ramin gangar. Wannan kwanan ya fi sitika gaskiya. Wajen mayarwa, a juya kowane sukuru baya har a ji ya faɗa tsohon zarensa kafin a ɗaure. In an matsa shi ya yanki sabon zare, katakon zai cinye, wuyan ya riƙa motsi.

Daga nan a ɗaga farantin roba, a hankali, saboda akwai wayoyin da ke riƙe da shi. A ƙarƙashin kowane maɓalli akwai ɗan gwangwanin ƙarfe mai lamba. Idan ka ga misalin 1378432, ga karatunsa: 137 kamfanin CTS ne, wanda ya ƙera gwangwanin, 84 shekara, 32 mako na talatin da biyu. Jita ba ta girmi kayan da aka ƙera ta da su, don haka in gwangwanayen na 1987 ne kuma dalmar da aka like wayoyin da ita ba a taɓa ta ba, to jitar ba ta 1984 ba ce, komai sitika ta ce. Dalmar kamfani ƙarama ce, tsaf-tsaf. Wadda aka sake za ka ga ta yi tudu, da ƙonannen roba a gefen waya. Ka ɗauki hoton kowane abu kafin a rufe. Shaida uku kake nema su yi baki ɗaya: lamba, kwanan wuya, kwanan gwangwani. Tazarar wasu watanni ko shekara ɗaya tsakanin wuya da gwangwani ba komai ba ce. Tazarar shekara goma labari ne.

Tunda kana sayen kaya a dunƙule, riƙe wannan don gaba. Gibson, wani babban kamfanin jita, daga 1977 zuwa 2005 ta riƙa buga alƙaluma takwas a bayan kai: na farko da na biyar su ne shekara, uku na tsakaninsu kuma ranar shekara. Lamba 82735512 na nufin rana ta 273 a 1985, wato 30 ga Satumba. In ukun tsakiyar sun wuce 366, ka ajiye kuɗinka a aljihu. Amma masu jabu ma sun iya lissafin nan, lambar gaskiya suke kwafa. Na shekarun 1960 zuwa tsakiyar shekarun 1970 kuwa kamfanin da kansa ya maimaita lambobi, har lamba ɗaya takan fito a shekaru uku.

Batun kuɗin mota, cire shi daga ranka. Jitocin da ake zuba wa irin wannan kuɗi su ne Fender ta kafin CBS ta sayi kamfanin a farkon 1965, da Gibson Les Paul ta 1958 zuwa 1960, su ma sai in komai nasu na asali ne. Taka, ko wacce ce cikin ukun, kayan aiki ce mai kyau da makaɗi zai saya ya kaɗa, ba dukiyar gado ba. Abin da yaron ya gani farashin da masu sayarwa suka rubuta ne, kuma kowa na iya rubuta abin da ya ga dama. A shafukan saye da sayarwa na intanet irin su Reverb da eBay akwai wurin duba waɗanda aka riga aka sayar. Nemo guda goma irin taka sak, na 'yan watannin nan, ka jefar da mafi tsada da mafi araha, ka ɗauki na tsakiya. Daga nan ka fara ragi: in an canza maɗaukan sauti, cire kamar kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, in sandunan wuya sun cinye har tsirkiya na ƙara, cire kuɗin canza su, in ba akwatinta, cire wani abu. In haɗe-haɗe ce, ka daina lissafin jita, ka yi lissafin sassa, kuma ka faɗa wa mai saye haka da bakinka.

Fenti: a bar kaza cikin gashinta. A wannan kasuwa tsohon fenti da ƙujewarsa shi ne shaida. Sabon fenti kan tsohuwar jita yakan kai ga cinye kusan rabin darajarta, ga kuɗin mai fenti a kai, ga shi kuma duk mai saye zai ɗauka wani abu kake ɓoyewa. Tsumma mai laushi, sabbin tsirkiyoyi, da feshin goge maɓalli in suna ƙarƙara in an murɗa. Iyakar gyaranka ke nan.

Hanyar sayarwa uku ce. Mai shagon kayan kiɗa zai ba ka kuɗi hannu yau, amma wajen rabi zuwa kashi 60 na abin da shi zai sayar, don shi ma riba yake nema. In ka ajiye a wurinsa ya sayar maka, la'ada takan kai kashi 15 zuwa 25, kuma a rubuta yarjejeniyar da lambar jitar a ciki. In da kanka za ka sayar, ka fi samu, amma ka sa hotunan ciki tare da na waje, ka rubuta abin da ka gani kawai: lamba kaza, kwanan wuya kaza, gwangwani kaza. Ka tanadi amfilifaya mai saye ya gwada, ka rubuta rasit mai lamba, kuma kada kaya su fita sai ka ga kuɗi a asusunka, ba a saƙon waya ba. Ka rubuta ma wurin wanda ka sayo ta, domin jita na cikin kayan da ake yawan sacewa, kuma masu ita da lamba suke cigiya.

Mutum biyun da suka taya, in kana da lambar wayarsu, kada ka goge. Bayan an buɗe jitar ka gwada tayinsu da farashin tsakiya da ka samo. In tayin mafi girma ya kai kashi 80 na wannan, kira shi ka sallama. Wata huɗu da kuɗin nan suka kwanta a bango, da sun juya sau biyu a sifika.