Tambaya da Amsa: Yaya Henry Shefflin Ya Buga wa Ƙungiyoyi Biyu a Lokaci Guda?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na kalli bidiyon wani wasan mutanen Ailan da ake kira hurling, sai na ji ana ta ambaton wani tsohon ɗan wasa mai suna Henry Shefflin, ana cewa ya ci kofuna da Kilkenny kuma ya ci da Ballyhale Shamrocks a cikin shekaru ɗaya. Shin sayensa aka yi daga wannan zuwa waccan, ko kuwa aronsa ake bayarwa? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba a taɓa sayen Shefflin ba, ba a kuma ba da aronsa ba, domin a wannan wasa babu cinikin 'yan wasa kuma babu albashi. Hukumar wasannin gargajiyar Ailan, wato GAA, wadda aka kafa a garin Thurles a 1884, ita ce ke kula da hurling, kuma tsarinta shi ne mutum ya buga wa ƙungiyar yankin da ya tashi. Daga cikin ƙungiyoyin yankunan ne kowane lardi yake zaɓen gwanayensa, kusan kamar yadda ɗan ƙwallon ƙafa yake buga wa kulob ɗinsa sannan ƙasarsa ta kira shi. Ballyhale ƙaramin ƙauye ne a lardin Kilkenny. Can Shefflin ya tashi, saboda haka Shamrocks ce ƙungiyarsa ta gida, Kilkenny kuma ita ce tawagar lardinsa.

Wasan kansa ana yin sa ne da mutum 15 a kowane ɓangare, kowa riƙe da sanda mai faɗin kai, suna dukan wata ƙaramar ƙwallo. Idan ta shiga raga maki 3 ne, idan ta bi ta saman sandar gola tsakanin turaku biyu maki 1 ne.

An haifi Shefflin a 1979, ya yi karatu a kwalejin St Kieran's da ke birnin Kilkenny, ya kuma fara buga wa manyan lardin a 1999, shekarar farko ta koci Brian Cody, wanda ya ci gaba da zama kocinsa har ranar da Shefflin ya yi ritaya. Tare suka ɗauki kofin Liam MacCarthy, wato kofin dukan Ailan, sau 10: a 2000, 2002, 2003, sai huɗu a jere daga 2006 zuwa 2009, sannan 2011, 2012 da 2014. Kafin shi, Christy Ring na Cork da John Doyle na Tipperary ne suke riƙe da tarihi da lambobin yabo takwas-takwas na wannan kofi, kuma a 2012 ya wuce su. Sau uku aka zaɓe shi gwarzon shekara, a 2002, 2006 da 2012.

Abin da ya fi burge ni a tarihinsa shi ne yadda ya yi da ciwon gwiwa. A wasan ƙarshe na 2007 da Limerick, yana kyaftin, jijiyar gwiwarsa ta tsinke, bai dawo fili bayan hutun rabin lokaci ba, amma abokansa suka ci, shi kuma ya ɗaga kofin. A 2010 Kilkenny tana neman kofi na biyar a jere, abin da babu lardin da ya taɓa yi a hurling, sai ya sake samun irin wannan rauni a wasan kusa da na ƙarshe da Cork. Ya dage aka sa shi a wasan ƙarshe da Tipperary, gwiwar ta gaza tun farkon wasa, aka fitar da shi, Kilkenny ta sha kashi. Mutumin da ba a biyansa ko sisi, wanda aikin banki yake ci da shi, ya sake jinya ya dawo ya ɗauki kofi uku bayan wannan.

A ganina masu kallo daga nesa sukan raina ɓangaren ƙungiyar gida, alhali a wajen mutanen Ailan darajarsa babba ce, tunda a nan mutum yake wasa da 'yan uwansa da maƙwabtansa da waɗanda suka yi firamare tare. Kafin ƙungiya ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙungiyoyin gida na dukan Ailan a filin Croke Park da ke Dublin, sai ta fara cin gasar lardinta, wadda a Kilkenny ba ƙaramin aiki ba ce, sannan, ga ƙungiyoyin Kilkenny, ta ci ta Leinster, babban yankin da lardin yake ciki. Shefflin ya bi wannan hanya da Shamrocks har ƙarshe sau uku: sun doke Loughrea a 2007, Portumna a 2010, da Kilmallock a ranar 17 ga Maris, 2015. A cikin watan nan na Maris ya sanar da cewa ya daina buga wa Kilkenny. Daga baya ya zama kocin ƙungiyar ƙauyen nasa, ya kai ta ga ɗaukar wannan kofi a 2019 da 2020, kafin lardin Galway ya ɗauke shi koci a 2021.