Tambaya da Amsa: Kar Ka Fasa Shi Don Zaibar Ciki

Tambaya: Malam, ni ɗan gwangwan ne a Agege. Na sayi tarkacen wani tsohon gida a Ikoyi, sai na tsinci wani dogon katako kamar agogon bango, da bututun gilashi mai zaiba a bayansa. Allurarsa ba ta motsi. Abokan sana'a sun ce in fasa in sayar da zaibar. Me ka gani?

Amsa: Ɗan'uwa, don girman Allah kar ka fasa. Baromita ne, ma'aunin nauyin iska. Wani masani ɗan Italiya, Torricelli, ya gano a 1643 cewa iskar da ke kanmu tana da nauyin da zai tallafe zaiba a bututu har kimanin santimita 76.

Buɗe ƙofar bayan ka duba da kyau. Bututun ya lanƙwaso a ƙasa kamar ƙugiya. A gajeren bakin akwai ɗan gilashi yana iyo a kan zaibar, an ɗaure shi da zaren siliki, zaren ya bi ta kan ɗan wili, wilin ke juya allura. Ba batir, ba wani inji. Da baki aka hura gilashin nan, aka tafasa zaibar a ciki don korar iska, aka zana lambobi da hannu a kan tagulla sannan aka shafe ta da azurfa. Da yawa daga masu wannan sana'a 'yan yankin tafkin Como na Italiya ne da suka yi ƙaura zuwa Ingila. Duba fuskar, galibi akwai sunan maƙerin da garinsa. In ka ga Negretti & Zambra, kamfanin Landan ne da aka kafa a 1850. Abin da masu tara kayan tarihi ke biya wa kuɗi ke nan, ba zaiba ba.

Rashin motsi kuwa ba lallai lalacewa ba ne. Legas na kusa da ikwaita, layin da ya raba duniya kudu da arewa, nauyin iska bai cika sauyawa ba: ya ɗan hau wajen ƙarfe goma na safe, ya ɗan sauka da la'asar, abin bai wuce milimita biyu zuwa uku ba. Don yanayin Turai aka tsara fuskar. Ƙwanƙwasa gilashin a hankali da yatsa ka gani.

Kar ka kwantar da shi, a tsaye ake ɗaukarsa. Tururin zaiba guba ne, yana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda. In ta zube, fitar da yara, buɗe tagogi, kuma kar a sa mata tsintsiya.