Filin Tambaya da Amsa: "Malam, kifin nan ya sake mutuwa"

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon kusan rabin saƙonnin da suka shigo akan kifin ado ne, wannan mai ruwan zinare da ake kira golfish, kuma gaskiya yawancinsu ta'aziyya suka fi buƙata dan kifin ya riga ya mutu kafin a rubuto. Na tsinto guda bakwai, wasu na ɗan rage musu tsawo saboda wuri.

TAMBAYA: Salam Malam dan Allah a taimaka min. Na siyo wa yarana golfish guda uku da ɗan tulun gilashin nan mai zagaye, wlh kullum sai na juye ruwan tas na wanke gilashin da sabulu har tsakuwar ciki ina dirzawa, amma cikin kwana tara duk suka mutu ɗaya bayan ɗaya, na sake siyo biyu suma basu kai sati biyu ba, yanzu autana kuka yake yana cewa ni na kashe su. Ina kuskuren yake? Daga wata uwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya bada haƙuri. Kar ki gaya wa auta na faɗa, amma yana da ƴar gaskiya, tsaftar ce ta kashe su.

Kinga kifi a ɗaki ɗaya yake ci yake kwana yake bayan gida, golfish kuwa a cikin kifayen ado yana cikin masu yawan ci da yawan kashi, kuma daga kashin nan da kuma numfashinsa wani abu yake fita da ake kira amoniya, guba ce, tana ƙona wurin da yake numfashi da shi a gefen kai, kuma ido baya ganinta, ruwa zai iya zama garau kamar na sha alhali ya cika da ita. Abinda yake ceton kifi wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani da suke maƙale a soson filta, wato na'urar tace ruwan tanki, da tsakuwa da jikin gilashi. Rukuni na farko su maida amoniya nitirait, ita ma guba ce dan tana hana jini ɗaukar iska, rukuni na biyu su maida nitirait ɗin nitiret, wadda kifi yake iya jurewa in bata yi yawa ba, ita ce kuma muke ragewa da canjin ruwa. Toh waɗannan ƙwayoyin basa taruwa a kwana ɗaya, sati huɗu zuwa shida suke ɗauka a sabon tanki, ke kuma kullum kina kashe su da sabulu da ruwan famfo mai kulorin, kinga kenan kullum sabon gida kifin yake kwana. Ga shi sabulun kansa ko ɗan kaɗan ya rage a gilashi ya isa ya illata su.

Shi kuma tulun nan, ki zuba masa furanni ki ajiye a falo. Ruwansa kaɗan ne, bakinsa matsattse ne, iska kuma ta saman ruwa take shiga. Birnin Rum na Italiya ma ya hana ajiye kifi a irinsa tun 2005.

In zaki sake gwadawa ki nemi tanki mai kusurwa huɗu, lita 75 ga kifi ɗaya irin masu tumbin nan masu baza wutsiya, duk wanda zaki ƙara ki ƙara masa kamar lita 40, da filta mai ƙarfi, ki ɗora akan teburi mai ƙwari dan lita ɗaya kilo ɗaya ce. Ki kunna filtar babu kifi a ciki, kullum ki ɗan barbaɗa abincin kifi ya ruɓe, shi zai ciyar da ƙwayoyin har su yawaita. Akwai kayan gwajin ruwa na ɗigawa, ranar da amoniya ta nuna sifili nitirait ma sifili kuma nitiret ta bayyana, ranar gida ya ginu. In kin san wani mai tsohon tanki lafiyayye ki roƙi guntun soson filtarsa ki sa a taki, yana rage jiran sosai. Ranar kawo kifin kuma ki bar ledarsa tana yawo a saman ruwan kamar minti 20 kafin ki sake shi.

Daga nan aikin sati-sati ne kawai, ki zuƙe kwata ko ɗaya bisa uku na ruwan da tiyo kina bin tsakuwa, ki maida sabo wanda kika ɗiga wa maganin cire kulorin. Wasu suna barin ruwa ya kwana a bokiti, eh kulorin tana tashi, amma in ƴar'uwarta kuloramin ake sa wa ruwanku ita bata tashi da kwana, shi yasa nafi yarda da maganin. Soson filta kuma a cikin tsohon ruwan da kika zuƙo zaki matse shi, kar ya ga famfo.

TAMBAYA: Malam abokina yace kifi iya girman mazubinsa yake girma saboda haka ƙaramin gilashi ba matsala, kuma wai ai dama golfish shekara ɗaya ko biyu yake yi. Haka ne? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ɗan'uwa abokinka ya ga abu amma bai fahimce shi ba. Kifin da aka matse a ƙaramin wuri tsumburewa yake, kamar yaron da baya samun abinda jikinsa yake so, kuma baya daɗewa. Golfish na asali mai siririn jiki yana kai santimita 25 zuwa 30, shi kam tafki ko babban kwarmin ruwa ya fi dacewa da shi, masu tumbin kuwa 15 zuwa 20. Shekara 10 zuwa 15 ba abin mamaki bane in an kula da shi, akwai ma wani mai suna Tish a Ingila da ya mutu a 1999 yana da shekara 43. Asalinsa daga Sin ne, fiye da shekara dubu da suka wuce aka fara zaɓo masu launi daga cikin wani kifi mai ruwan toka ana kiwonsu, kuma a tafkunan lambu suka fara. Af, kar ka haɗa siraran da masu tumbin a tanki ɗaya, kafin mai tumbi ya juyo sirarin ya cinye abincin.

TAMBAYA: Barka da aiki. Kifina kwana biyu kenan yana taso wa saman ruwa yana kifewa ciki a sama, sai ya yi ƙoƙarin nutsewa ya sake tasowa kamar balan-balan, amma yana cin abinci sosai, ni kuma duk sanda na wuce ya biyo ni da baki ina bashi dan tausayi. Daga wata amarya.

AMSA: Amarya wannan tausayin ki rage shi. Golfish ko mai ƙaton ciki ne bashi da tumbin abinci irin namu da zai cika ya ji ya ƙoshi, hanji ne kawai dogo, shi yasa ko sau ashirin kika wuce zai roƙa, maroƙi ne na gaske. Akwai wata jakar iska a cikin jikinsa da take daidaita masa tashi da nutsewa, a masu dunƙulallen jiki komai a matse yake a ciki, da hanji ya cushe ko ya cika da iska sai ya danne jakar, sai kiga abinda kika gani. Ki hana shi abinci kwana biyu ko uku, ba abinda zai same shi, sannan ki dafa koren fis, wato koren waken nan na turawa, ƙwaya ɗaya ko biyu ki ɓare fatar ki marmasa ki bashi. Nan gaba sau ɗaya ko biyu a rana, iya abinda zai cinye cikin minti biyu, kuma abinci mai nutsewa ya fi mai yawo a sama dan baya haɗiyar iska wajen ci. Ki canza wani ɓangare na ruwan ma, dan yawan abincin nan na san ya ɓata shi. Amma fa in kika ga ɓawon jikinsa ya miƙe tsaye ya kumbura ko'ina, wannan wata cuta ce daban ta ciki kuma mai tsanani, a ware shi a nemi likitan dabbobi da ya san kifi.

TAMBAYA: Na ƙaro sabon kifi sati ɗaya da ya wuce yanzu duk sauran sun fito da fararen ɗigo kamar an barbaɗa musu gishiri suna goga jikinsu da dutse. Daga wani magidanci.

AMSA: Alhaji baƙon ne ya zo musu da tsaraba. Wata ƴar mitsitsiyar halitta ce take shiga ƙarƙashin fata, kuma abinda yake ruɗar mutane shine lokacin da kake ganin ɗigon magani baya taɓa ta, sai ta faɗo ƙasan tanki ta hayayyafa ƴaƴan sun fito suna yawo a ruwa sannan ake samunsu, dan haka wanda ya tsaida magani ranar da ɗigon ya ɓace sai ya ga sun dawo. Ka nemi maganin farin ɗigo na kifi ka bi ƙa'idar da aka rubuta a kwalbar har ƙarshe, ka cire gawayin filta in akwai dan yana shanye magani, ka yawaita zuƙe ƙasan tanki. Golfish yana jure gishiri, wasu da shi kaɗai suke yi, giram 3 a kowace lita, a narka a zuba kaɗan-kaɗan cikin kwana uku, sai dai tsirran ruwa basa so. Daga yau duk sabon kifi ya yi sati biyu zuwa huɗu a wani mazubi daban tukun.

Wani abu da zan ƙara dan kar wani ya tsorata a banza, in ɗigon a kumatu ne kawai da gefen fiffiken gaba, a jere, kifin kuma yana ta bin wani a guje, ba cuta bace, namiji ne ya balaga.

TAMBAYA: Malam in zafi ya yi ko aka ɗauke wuta sai naga kifayena duk sun taru a sama suna buɗe baki, yunwa ce? Kuma zan yi tafiyar kwana biyar wa zan bar wa su? Daga wata ma'aikaciya.

AMSA: Iska suke nema ƴar'uwa. Golfish kifin sanyi ne, yafi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 23, kuma duk sanda ruwa ya ɗumama iskar da ke cikinsa raguwa take, ga filtar da take motsa saman ruwan ta tsaya, abu biyu sun haɗu. Ki ɗauke tankin daga jikin taga, rana tana dafa ruwan kuma tana kawo gansakuka. Ki buɗe murfin, in da fanka ki saita ta tana kaɗa saman ruwan, ko ki saka gorar ruwa mai ƙanƙara a rufe tana yawo a ciki, kar dai ki zuba ƙanƙarar kai tsaye dan sauyin gaggawa shima yana kayar da su. Akwai ƙaramin famfon iska mai batir, duk mai kifi ya kamata ya ajiye ɗaya, in babu ki riƙa ɗiban ruwan da kofi kina zubowa daga sama lokaci-lokaci, kuma kar a basu abinci har wuta ta dawo. In filtar irin rufaffiyar nan ce kuma ta yi awanni da yawa a kashe, ki zubar da ruwan da ya kwanta a cikinta kafin ki kunna.

Maganar tafiya kuwa ki canza ruwa ana gobe ki tafi abinki, lafiyayyen babban kifi yana yin sati ba abinci. Ni nafi tsoron maƙwabci mai kirki da zai juye musu rabin gwangwani a rana ɗaya. In dole sai wani ya basu, ki ƙulla na kowace rana daban ki ɓoye sauran.

TAMBAYA: Wai da gaske golfish sakan uku yake mantuwa? Kuma yana barci kuwa, dan ban taɓa ganin ya rufe ido ba.

AMSA: Ƙarya ake masa. Yana riƙe abu watanni, yana gane lokacin abinci da mai bashi, ana ma koya masa tura abu dan abinci ya fito. Barci kuma yana yi, fatar ido ce bashi da ita, sai dai kaga ya lafe kusa da ƙasa yana motsi kaɗan. Ka riƙa kashe masa fitila da dare, awa 8 zuwa 10 na haske sun ishe shi.

TAMBAYA: Gaskiya na gaji, kifin ya girma ya fi ƙarfin tankin, ina tunanin in kai shi kogi in sake shi ya samu ƴancinsa. Daga wani matashi.

AMSA: Niyyarka mai kyau ce ɗan'uwa amma dan Allah kar ka yi. Ko dai a cinye shi a ranar dan launinsa yana tona masa asiri, ko kuma ya rayu, wanda shi ne ya fi muni, dan yana tona taɓon ƙasa yana tuge tsirrai ya dagula ruwan, ya ci ƙwan kifayen wurin, ya kai musu cutar da basu sani ba, ga hayayyafa. A 2021 hukumar garin Burnsville a jihar Minesota ta Amurka sai da ta fito tana roƙon mutane su daina zuba golfish a tafkuna bayan an kamo wasu manya-manya da ba zaka yarda irin na gilashi bane, a kogin Vasse na Ostireliya kuma an samu mai nauyin kusan kilo biyu. Ka tambayi wanda ya sayar maka ko zai karɓa, ko ka nemi mai babban tanki ko rufaffen tafkin lambu ka bashi kyauta. Kafin ka samu, ka rage masa abinci ka maida canjin ruwan sau biyu a sati, ranar da zaka kai shi kuma a bokiti mai murfi da ruwan tankinsa, kar ka cika shi har baki.