Amsa ga ƙanwarmu 'yar aji biyu kan zaɓen kwasa-kwasan zango mai zuwa

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayarki: kina aji biyu a sashen tattalin arziki, CGPA ɗinki, wato matsakaicin makinki na duk zangunan da kika yi, 3.38 ne, kina da kari-oba ɗaya, wato kwas ɗin da kika faɗi za ki maimaita, na lissafi daga aji ɗaya, kin lissafo kwasa-kwasan zaɓi uku ciki har da ƙididdiga, kuma ƙawayenki sun ce ki cika fom da kwasa-kwasan zaɓi masu sauƙi har yunit 24 don makinki ya ɗaga. Gaskiya ban goyi bayan wannan shawara ba, kuma alƙalami ne zai raba mu gardama.

A ce zuwa yanzu kin ɗauki yunit 60. Kina neman 3.50, inda digiri mai daraja ta biyu na sama yake farawa. Idan kin yi rijistar yunit 20 a wannan zango, sai kin samu GPA, wato makin zangon kaɗai, kusan 3.86 za ki kai. Idan kin cika 24, abin da ake bukata 3.80 ne. Dubi tazarar da kyau. A kan wannan ɗan bambanci za ki ƙara wa kanki kwas biyu, da tes ɗinsu, da asaimen ɗinsu, da dare biyu na rashin barci a makon jarrabawa. Kuma C ɗaya a kwas mai yunit 3 ta isa ta cinye ribar gaba ɗaya. Yunit 24 iyaka ce da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta sa, kamar yadda 15 yake mafi ƙaranci. Ba a ce dole sai an kai ta ba. Ga mai kari-oba, cikata ɗaukar Dala ba gammo ne.

Kari-oban nan shi ne farko a fom ɗinki, kafin komai. A yawancin jami'o'inmu F ɗin da kika samu ba ya fita daga lissafi ko bayan kin ci, don haka sake faɗuwa asara ce kan asara. Abin da ya fi damuna ma shi ne lissafin aji ɗaya tushe ne a fanninku. Ikonometiriks, kwas ɗin da ke haɗa tattalin arziki da lissafi da ƙididdiga, na jiran ki a gaba, kuma wasu sassa ba za su bari ki yi rijistar kwas na sama ba sai kin ci na ƙasa. Na ga ɗalibai masu ƙoƙari sun ƙara shekara cur saboda kwas ɗaya da suka yi ta ɗagawa, abokan karatunsu na sansanin bautar ƙasa su kuwa suna zaune da 'yan aji ɗaya. Ki shiga laccar sosai, kada ki ce ai kin taɓa yi. Ba abin kunya ba ne zama da ƙanne.

To, maganar “kwas mai sauƙi”. Sauƙin nan da ake yayatawa a hostel yawanci labarin malamin bara ne. Bana a ba wani kwas ɗin, labari ya sha bamban. Ga kuma cunkoso: kwas ɗin da aka ce kowa na cin A, shi kowa ke rububi, sai ki tarar ɗakin lacca ya cika har tagogi, na baya ba ya jin komai, takardar halarta tana yawo hannu zuwa hannu ba ta iso gare ki ba. Alhali a jami'o'i da yawa ƙa'ida ita ce sai kin halarci kashi 75 cikin ɗari kafin ki zauna jarrabawa, kuma akwai malaman da ba sa ɗaga ƙafa a kan haka.

Ni da zan zaɓa miki, cikin ukun da kika lissafo zan ɗauki ƙididdiga in bar sauran. Na san ita ce ake gudu. Amma ranar da kika zo furojet a aji huɗu, kika tara bayanai ba ki san yadda za ki sarrafa su a manhajojin kwamfuta irin su SPSS ko Excel ba, za ki ga yadda ɗalibai ke biyan kuɗi a shagunan kwamfuta a yi musu babi na huɗu, na nazarin bayanai, su je gaban malamai su kasa bayanin teburin da ke ɗauke da sunansu. Idan zuciyarki ta fi karkata ga kimiyyar siyasa, ba laifi, mutum ya fi cin abin da yake so. Sai dai ya zama ke kika so, ba don ƙawa ta ɗauka ba.

Kafin ki danna komai a fotal, shafin rijista na jami'a, ki ɗauki littafin jagora na sashenku ki je wurin kodinetan ajinku. Tun da aka fara aiki da sabuwar manhajar karatu ta NUC, wato CCMAS, a 2023 lambobin kwasa-kwasai da yawa sun sauya, don haka fom ɗin yayyenki ba lallai ya dace da naki ba. Ki kuma gwada jadawali: kwas na zaɓi daga wata tsangaya yakan ci karo da na dole, har a jarrabawa, kuma wanda ya zo daga waje shi ke yawon neman a gyara.

Idan kin fara kwas kika ga ba zai yiwu ba, ki cire shi a fotal cikin kwanakin da aka ware na ƙari da ragi. Daina shiga aji ba cirewa ba ne, F za ta fito. Bayan kin gama, ki buga fom ɗin, a sa hannu, ki ajiye kwafi biyu a wurare daban.

Ki turo jerin kwasa-kwasan dole na wannan zango da yunit ɗin kowanne, mu haɗa lissafin tare. Allah Ya ba da sa'a.